Kafin a Sayi Sabo: Talabijin, Waya, Kwamfuta da Aljihun Magidanci

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirin faɗakarwa na yau zai tsaya ne a kan kayan da suka samu wurin zama a kusan kowane gida: talabijin, wayar hannu da kwamfuta. Za a duba abin da ke kashe su tun kwanansu bai ƙare ba, da lokacin da gyara ya fi sayen sabo riba, da yadda magidanci zai riƙe aljihunsa idan ya shiga kasuwarsu.

A shekarar 1959 aka buɗe gidan talabijin na farko a Najeriya, a Ibadan, na Kaduna ya biyo baya a 1962. Dattawan da suka ga wancan zamani suna tuna yadda akwati ɗaya mai hoto baƙi da fari yake ɗaukar nauyin unguwa guda, yara sun yi dafifi a tsakar gidan mai shi, waɗanda ba su samu shiga ba suna leƙe ta taga. Akwatin yana da mayafinsa, kuma idan ya samu matsala ba mai kawo zancen jefarwa. Wayar salula ta GSM kuwa sai a watan Agustan 2001 ta iso, lokacin da layi kaɗai yake kaiwa naira 20,000. Yau ɗan acaɓa da mai shayi da uwargida a cikin ɗaki kowa da tasa, kuma tun daga 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ɗalibin ƙauye ma dole ya san yadda ake taɓa ta.

Sai dai kusan duk waɗannan kaya da dala ake shigo da su. A farkon 2023 dala ba ta kai naira 800 ba ko a kasuwar bayan fage. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Ke nan wayar da kuɗinta yake dala 100 ta tashi daga wajen naira 75,000 ta wuce naira 150,000, ba tare da an ƙara mata komai ba. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato albashin wata biyu cur ba zai saye ta ba. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya canja yadda ake kallon tsohuwar talabijin da ke falo da wayar da fuskarta ta tsage. Kadarori ne, kuma kare su ya fi maye gurbinsu sauƙi nesa ba kusa ba.

(Kiɗa)

Duk wanda ya zauna a rumfar mai gyaran talabijin zai ji kalma ɗaya tana ta maimaituwa a bakin masu kawo kaya: "Wuta aka kawo mai ƙarfi."

Ƙa'idar wutar gida a Najeriya da Nijar tana wajen bolt 220 zuwa 230. Yawancin talabijin na zamani, waɗanda jama'a ke kira filasma, an ƙera su ne su yi aiki ko da wuta ta sauka zuwa bolt 100, don haka raunin wuta bai cika yi musu illa ba. Abin da ke kashe su shi ne bugun da wuta ke yi farat ɗaya, musamman a daƙiƙar da aka dawo da ita bayan ɗaukewa, ko lokacin da aka tayar da janareta alhali kaya suna jone. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni. Idan wayar da masu aikin lantarki ke kira nutural ta tsinke a taransfoma, ko ɓarayi suka yanke ta, ƙarfin wutar da ke shiga wasu gidaje yakan doshi bolt 400. Shi ya sa wani lokaci layi guda sai a wayi gari kowa yana kukan ƙwan fitila ya fashe, firji ya tsaya, talabijin tana hayaƙi. Idan haka ta faru, masu gidajen suna da damar rubuta koke ga kamfanin rarraba wutarsu, in ba a saurare su ba su ɗaukaka shi zuwa ofishin sauraron koke na hukumar kula da lantarki.

Mutane da yawa suna zaton kashe talabijin da rimot ya wadatar. Bai wadatar ba. Muddin jan ƙwan nan na jikinta yana kunne, sashen da ke karɓar wuta a farke yake, kuma shi bugun zai fara samu. Hanya mafi arha ita ce, da zarar an ɗauke wuta a kashe soket ɗin bango ko a zare filogi, idan an dawo da ita a dakata 'yan mintoci ta daidaita. Wannan ko sisi ba ya ci.

Sitabilaiza tana da amfani wajen daidaita wutar da ke hawa da sauka a hankali, amma ba duka ke iya tare bugun da ke zuwa cikin ƙiftawar ido ba. Don haka ake haɗa ta da ƙaramin abin nan mai gadin talabijin, wanda ke yanke wuta idan ta wuce kima kuma yake jinkirta sakinta bayan an dawo da ita. Kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin talabijin ba. Da damina kuma akwai ƙofar da ake mantawa da ita, wato wayar eriya ko ta tauraron ɗan'adam. Tsawa na iya biyo ta, ta ƙone dikoda, ta zarce cikin talabijin ko da an zare filogi. Idan hadari ya haɗo ana walƙiya, a zare waccan wayar ita ma.

Bayan wuta sai zafi da ƙura. A Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yamai, zafin bazara yakan wuce digiri 40 a inuwa, cikin akwatin da ke aiki kuwa ya fi haka. A cikin kowace talabijin akwai wasu 'yan gwangwanaye da ake kira kafasita, waɗanda ke tace wuta. Masu ƙera su suna lissafin cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin kwanansu. Talabijin da aka manne da bango ba iska, ko aka cusa a cikin durowa, ko aka lulluɓe da zane tana aiki, tana cinye shekarunta ne da sauri. Ƙurar hunturu kuma ta toshe 'yan hudojin da zafin ke fita.

(Kiɗa)

To idan mai afkuwa ta afku, yaya za a gane gyara ne ko haƙuri?

Matsalar da ta fi kai filasma gun mai gyara ita ce a ji murya amma ba hoto. Magidanta da yawa a nan suke yanke ƙauna, su ce sikirin ya mutu. Alhali akwai gwajin da kowa zai iya yi a gida: a kunna talabijin, a kashe fitilar ɗaki, a haska tocila dab da fuskarta. Idan aka hango hoto dishi-dishi yana motsi, sikirin lafiyarsa ƙalau. Ƙananan fitilun da ke haska shi ta baya ne suka mutu. An jera su ne a jone da juna, ta yadda mutuwar ɗaya takan kashe layin gaba ɗaya. Mai gyara zai canja layin, talabijin ta dawo garau, a kan kuɗin da bai kusanci na sabuwa ba. Yawancin talabijin suna fitowa daga kwali ne an ƙure musu haske, don su ɗauki ido a shago. Rage hasken bayan nan zuwa kashi 60 ko 70 cikin ɗari yana tsawaita kwanan fitilun, yana kuma rage cin wuta.

Ta biyu ita ce talabijin ta ƙi tashi kwata-kwata, ko jan ƙwan ya yi ta ƙiftawa. Sau da yawa matsalar tana sashen karɓar wuta: fis ya yanke, ko kafasita ta kumbura. Wannan ma gyararre ne.

Wanda ba ya gyaruwa shi ne fasasshen sikirin. Gilashin shi ne mafi tsada a jikin talabijin, kuma canja shi yakan kusanci kuɗin sabuwa, idan ma an samu irinsa. Saboda haka gidan da ke da yara masu ƙwallo da guje-guje, a ɗaga ta a kafe a bango da tazarar da iska za ta ratsa. Uwargida kuma ta kiyaye fesa ruwa kai tsaye a fuskarta wajen goge-goge. Ruwan yana gangarawa ƙasan gilashin, inda siraran wayoyin hoto suke, ya ci su, sai a fara ganin layi-layi a tsaye waɗanda da wuya su gyaru. Tsumma mai laushi da ɗan danshi ya isa.

Gidajen da har yanzu ke amfani da tsohuwar talabijin mai doro suna buƙatar gargaɗi na musamman. Cikinta akwai wutar da ta haura bolt 20,000, kuma takan riƙe saura ko bayan an zare filogi. Kada a bar yaro mai son kwance-kwance ya buɗe bayanta. Ita ce kuma wuri ɗaya da canji ke iya zama riba. A ɗauka mai doro tana jan wat 100, sabuwa mai inci 32 tana jan wat 40, ana kallo awa 5 kullum. A wata, ta farko ta ci yunit 15, ta biyu yunit 6. Ga wanda ke rukunin da aka ƙara wa kuɗin wuta a Afrilun 2024, inda yunit ya haura naira 200, ko wanda ke dogara da sola da batir, wannan bambanci yana taruwa.

(Kiɗa)

Sai kwamfuta. Ƙorafin da aka fi yi a kanta shi ne nauyi: a kunna ta, a je a yi alwala a dawo ba ta gama buɗewa ba. Daga nan sai mai ita ya ce ta tsufa, ya fara tambayar kuɗin wata.

Tsofaffin kwamfutoci da yawa suna ɗauke da ma'ajiyar bayanai mai faifai a ciki, wanda ke juyawa sau 5,400 a minti, da ɗan hannu mai karanta shi. Wannan faifai shi ne ya fi komai jan ƙafa, kuma shi ne ke lalacewa idan kwamfutar ta faɗi tana aiki. Akwai sabuwar ma'ajiya da ake kira SSD, wadda ba abin da ke motsi a cikinta. Canja faifai zuwa SSD, tare da ƙara RAM daga giga 4 zuwa 8, yakan sa kwamfutar da ta shekara bakwai ta buɗe cikin daƙiƙoƙi. Masu gyara a titin Beirut na Kano, da Banex a Abuja, da Computer Village ta Ikeja suna yin wannan aiki kullum, kuma bai cika wuce awa ɗaya ko biyu ba.

Idan kuma tana zafi, fankarta tana gurnani, tana mutuwa da kanta ana tsakiyar aiki, ƙura ce ta toshe mafitar iska. Ɗora kwamfutar cinya a kan katifa ko filo yana rufe hudojin ƙasanta. A kai ta a buɗe, a share fankar, a sabunta man da ke tsakanin ƙwaƙwalwarta da ƙarfen sanyaya ta. Wanda ke zaune a yankin da ake hazo, yin haka sau ɗaya a shekara bayan hunturu bai yi yawa ba.

Amma asarar da ta fi ciwo a harkar kwamfuta ita ce ta abin da ke ciki. Ƙarfe ana sake saye, rubutun da ɗalibin ajin ƙarshe ya shekara yana yi, ko lissafin bashin da ɗan kasuwa ke bin mutane, ba kasuwar da ake sayar da su. Wasu masu gyara da zarar kwamfuta ta ƙi buɗewa sai su ce sai an yi famatin, wanda ke nufin share komai a sake zuba sabo. Kafin a amince, mai kaya ya tambaya a fili: "Malam, takarduna za su tsira?" Sau da yawa ana iya ciro ma'ajiyar a kwafe abin da ke ciki tukuna. Mafi alheri dai shi ne kada a kai ga haka. Duk abu mai muhimmanci ya zama yana wuri biyu: a kwamfuta, da a filas ko a akwatin imel.

Mai shirin sayen kwamfuta ta hannu kuma ya riƙe wannan rana: 14 ga Oktoban 2025. A ranar ce kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga manhajar Windows 10, sai ɗan ƙarin wa'adi ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa a hukumance ba ta karɓar yawancin kwamfutocin da ƙwaƙwalwarsu ta girmi zubi na 8 na kamfanin Intel, wanda ya fara fitowa a 2017. Irin waɗannan tsofaffi ne ofisoshin Turai da Amurka ke sallama, kuma kasuwannin Afirka na daga cikin inda suke ƙarewa. Mai sayarwa zai ce "i7 ce", kuma gaskiya ya faɗa, amma i7 ta 2012 tana iya zama ƙasa da i5 ta 2019. A dubi lambar da ke bin sunan: idan an ga i5-8250, wannan 8 ta farko ita ce zubin. Wadda ta riga ta tsufa a hannu kuma ba sai an yar ba, domin akwai manhajoji na kyauta irin su Linux Mint da ke tafiyar da ita lafiya don rubutu da shiga intanet.

(Kiɗa)

Waya ita ce ta fi saurin raba mutum da kuɗinsa, domin ita ake fitarwa a gaban jama'a. Matashi yana da wayar da ke kira, tana WhatsApp, tana tura kuɗi, amma da abokinsa ya fito da sabon yayi sai tasa ta fita ransa. Haka a wajen kayan ɗaki: uba ya ci bashi ya sayo filasma mai inci 55 don kada dangin miji su raina, a kai ta ɗakin da wuta ba ta kai awa huɗu a rana ba.

Akwai lissafi mai sauƙi da ke taimakawa: a raba kuɗin kaya da watannin da zai yi yana aiki. A ɗauka waya ce ta naira 90,000 da ta gaji a wata 18, ta ci naira 5,000 kowane wata ke nan. Wata ta naira 144,000 da ta kai shekara huɗu, naira 3,000 ta ci a wata. A nan maganar Hausawa ta tabbata, arha ba ta ado. Amma lissafin yana cizo ta ɗaya ɓangaren ma. Wayar naira 600,000 a hannun wanda aikinsa da ita gaisuwa ce da kallon bidiyo, ko ta shekara biyar, naira 10,000 take ci duk wata. Mai ɗinki da ke ɗaukar hoton kayansa yana tallatawa yana da hujjar neman kyamara mai kyau. Wanda ba ta kawo masa ko kwabo, daidai ruwa daidai tsaki.

Yanzu kuma ga sayen waya biya-sannu-sannu, inda ake ba da kafin alƙalami a riƙa biyan saura mako-mako, idan aka yi jinkiri a kulle wayar daga nesa. Kafin a sa hannu a tara jimillar. Wayar da ake sayarwa naira 150,000 kuɗi hannu, idan aka ce a ba da 45,000 sannan 6,000 duk mako har mako 26, an biya naira 201,000 ke nan. Wanda zai iya fitar da 6,000 duk mako zai iya zuba ta a adashi, ya ɗauki kwasarsa ya saya ba ƙari.

Yawancin abin da ke sa a ce waya ta mutu ƙaramin abu ne. Batir yana da iyakar kwana. Kamfanin Apple da kansa ya ce an tsara batiran wayoyinsa da dama su riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsu bayan cikakken caji 500, wato ƙasa da shekara biyu ga mai caji kullum. Canja batir ya wadatar. Zafi ne babban makiyinsa: caji a ƙarƙashin filo, barin waya a gaban mota cikin rana, ko cajar bogi. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfi yana iya kamawa da wuta, a daina cajinsa nan take. Wayar da ta ƙi karɓar caji sau da yawa dattin aljihu ne ya cushe bakinta. Wadda ta faɗa ruwa kuwa, a kashe ta, kada a jona ta, a garzaya gun mai gyara. Binne ta a cikin shinkafa ba ya cire ruwan da ya riga ya shige, jinkiri kawai yake jawowa har tsatsa ta kama.

(Kiɗa)

Kayan hannu, waɗanda ake kira Balgiyam ko na Landan, suna rufa wa mutane da yawa asiri, kuma wasunsu sun fi sabon bogi ƙarko. Sai dai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin jiragen ruwan Legas ya gano cewa a 2015 da 2016 ana shigo da wajen tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki a shekara, da yawa a cuse cikin motocin hannu, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun iso a mace. Daga kasuwar Alaba suke bazuwa zuwa Kano, Kaduna, Maraɗi da sauran garuruwa.

Don haka kada a biya sai an gwada. Talabijin a kunna ta ta ɗan jima, a duba ko akwai tabo ko layi. Kwamfuta a zare caja a ga yadda batir ke sauka, a danna kowane maɓalli. Waya a danna *#06#, lambar IMEI za ta fito, a sa mai shago ya rubuta ta a kan rasit tare da sunan shagonsa da kwanakin garanti. Wayar da aka tare mutum da ita a bakin titi a kan rabin kuɗinta, ba kwali ba rasit, tana iya zama ta sata. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa, kuma idan aka bi sawu, wanda aka samu da ita a hannu shi ake fara kamawa.

Tsakanin mai kaya da mai gyara kuma akwai haƙƙi ta kowane ɓangare. Dubban matasa a kasuwar Farm Centre ta Kano da takwarorinta sun koyi wannan sana'a a gaban iyayen gidansu, suna ci da iyali da ita, kuma a cikinsu akwai gwanaye na gaske. Mai gyara nagari yana faɗin matsala da kuɗinta kafin ya taɓa, yana bambanta wa mai kaya sikirin na asali da kwafi, yana mayar masa da abin da ya cire, yana kuma ba da 'yan kwanakin gwaji. Wanda ya ƙi waɗannan, a nemi wani. Mai kaya shi ma ya faɗi gaskiya: idan ruwa ta sha ya ce ruwa ta sha, idan wani ya taɓa buɗewa ya faɗa, domin ɓoyewa ɓata lokaci ne da ƙarin kuɗi. Ya biya kuɗin dubawa ba gunaguni, ya kuma zo ya karɓi kayansa. Kusan kowace rumfa tana da tarin talabijin da aka gyara masu su suka yi ɓatan dabo, kuɗin mai gyara ya maƙale a ciki.

Sannan akwai amana. Waya tana ɗauke da hotunan iyali, saƙonnin sirri da hanyar shiga banki. Kafin a miƙa ta a cire layi da memori, a fita daga manhajar banki, kuma idan gyaran bai buƙaci buɗe ta ba, kada a ba da lambar sirri. Mata musamman, idan gyaran ɗan lokaci ne, gara a tsaya a yi shi a kan ido. Mai gyaran da ya leƙa abin da ba a ba shi ba ya ci amana, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a.

(Kiɗa)

Ba duk laifin ne na mai saye ba. Kamfanoni ma suna ƙera kayan da ke da wuyar buɗewa, batir manne da gam, kayan gyara ba a samu. A 2020 hukumomin Faransa sun ci tarar Apple yuro miliyan 25 saboda rage saurin tsofaffin wayoyi ba tare da sanar da masu su ba. A Janairun 2021 ƙasar ta wajabta wa masu sayar da waya, talabijin da kwamfutar cinya su manna maki daga cikin goma da ke nuna sauƙin gyaransu, kuma a 2024 Tarayyar Turai ta zartar da dokar haƙƙin gyara. Mai saye a Kano ko Damagaram ba shi da wannan maki a jikin kwali, amma yana da abin da ya kusan kai shi: kafin ya saya, ya biya ta rumfar mai gyara ya tambaye shi wane samfuri ne ake samun kayansa a kasuwa, wane ne kuma ke yawan dawowa.

Idan kaya ya mutu murus, inda zai ƙare ma abin dubawa ne. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar lantarki, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. A Agbogbloshie ta birnin Accra, kafin a rushe wurin a 2021, matasa da yawa daga arewacin Ghana sun yi shekaru suna ƙona wayoyi don ciro tagulla, suna shaƙar hayaƙin. Ana yin irin wannan ƙone-ƙone a bayan garuruwanmu ma. Gilashin talabijin mai doro da tsofaffin allunan lantarki suna ɗauke da dalma. Mutanen Zamfara sun san abin da dalma ke yi: a 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Hanyar ta bambanta, gubar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar yara ta fi kamawa.

Saboda haka matacciyar talabijin kada a fasa ta a tsakar gida, kada a ƙona ta, kada a ba yara tsohon batir su yi wasa. A fara kai ta wa mai gyara, domin yakan saya ya ciri abin da zai raya wata. Masu sana'ar jari-bola kuma su fere roba da wuƙa maimakon wuta, su wanke hannu kafin cin abinci, su canja tufafi kafin su ɗauki 'ya'yansu.

Masu sauraro, a nan shirin na yau zai dasa aya. Mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za a duba batun sola: yadda ake lissafin faranti da batirin da gida ke buƙata, da dalilin da ya sa batir da yawa ba sa cika shekara biyu.

(Kiɗan rufe shiri)